Matsalolin Na'urar Nuna Hanya Ta Mota Da Yadda Ake Gyaransu



Abin da aka ɗora mana mu yi bayani a kansa shi ne 'yar na'urar nan da akan manna a gilashin gaba na mota, wadda ke nuna wa direba taswira, kana ta gaya masa inda zai sha kwana. Turawa suna kiran tsarin da take aiki da shi GPS. Mun sani akwai mai cewa a ransa, mene ne amfanin ɓata lokaci a kan abin da wayar hannu ta riga ta gaje? To, mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su bukatar dogon bayani a nan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan biyu, aka kuwa shafe watanni a haka. Duk wayar da ta dogara ga intanet wajen sauko da taswira sai ta makance, in ban da ta wanda ya riga ya adana taswirar a ciki. Ita kuwa wannan na'ura ba ruwanta da turakun kamfanonin waya, gama daga sama take sauraro, taswirarta kuma tana cikin cikinta.

Wajibi ne mu san yadda take aiki, domin wanda bai san lafiyar abu ba ba zai gane ciwonsa ba. Ma'aikatar tsaro ta Amurka ce ta kafa tsarin. An harba tauraron ɗan Adam na farko a 1978, tsarin ya kammala da taurari 24 a 1995, sa'an nan a watan Mayu na 2000 aka daina gurɓata saƙon da gangan ga farar hula. Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini, yana ta shelar inda yake da kuma lokacin da agogonsa ya nuna. Na'urar da ke cikin mota ba ta aika kome. Tana auna daɗewar da saƙo ya yi kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisa. Sai ta ji taurari huɗu a ƙalla kafin ta san inda take. Saƙon kuwa yana isowa da rauni ƙwarai, har rufin kwano ya isa ya tare shi.

Mu riƙe wannan magana ta rufin kwano, domin a nan yawancin ɓarnar take faruwa. Galibin na'urorin da ke hannun mutanenmu na gwanjo ne, Garmin ko TomTom, sun shigo daga Turai ko Amurka, wasu ma a aljihun motocin Kwatano aka tsince su. Irin wannan na'ura ta yi watanni a kashe, ta kuma farka a wata nahiya dabam, saboda haka jadawalin taurarin da ta haddace ya tsufa. Dole ta sake karɓar sabo daga sama, shi kuwa yana saukowa ne sannu a hankali, cikakkensa yakan ɗauki minti 12 da rabi. Mai ita ya kunna a ɗaki, ya ga tana ta neman taurari ba ta samu ba, sai ya kai wa mai gyaran waya. Shi kuma yana zaune a rumfar kwano, ya kunna bai ga kome ba, sai ya ɗauko sukudireba ya buɗe, ya yanke hukunci cewa eriya ta mutu. Alhali kuwa da an ajiye ta a fili, nesa da gini da inuwar bishiya, aka ba ta minti 15 zuwa 20 ba tare da an motsa ta ba, da ta warke ba a kashe ko kwabo ba. A garin nan sai a ƙara da cewa kada a yi gwajin a gindin dutse, domin dutse yana tare rabin sama, yana kuma karkatar da saƙon. In an yi haka ba ta kama ba, a duba cikin saituna ko an bar ta a yanayin kwaikwayo, watau wanda ake nuna wa mai saye a kanti, inda take kashe kunnenta ta yi tafiyar ƙarya. A kuma zare caja a gani, gama wasu cajoji masu araha suna fitar da hayaniyar lantarki da ke danne saƙon taurari.

Idan na'ura ta ƙi kunnuwa ɗungum, daga mota ake fara bincike. Ramin kunna sigari yana ba da bolt 12, caja ce ke mai da shi bolt 5. A bakin cajar akwai ɗan fis, a murɗe kan a duba shi, sa'an nan a auna ramin da mita, domin shi ma yana da nasa fis a motar, ƙura da tsatsa kuma sukan hana shi haɗuwa. Akwai wani abu da ke ruɗa mutane game da Garmin da yawa: in aka sa musu wayar caji ta gama-gari, sai hoton kwamfuta ya fito a fuskarsu, su ƙi nuna taswira. Dalili shi ne cajarsu ta asali tana da wata 'yar alama ta lantarki a ɗaya daga cikin ƙafafun bakin, wadda ke shaida wa na'urar cewa a mota take. Maganin wannan caja ce da ta dace. Wadda ta daskare kuwa, a danna maɓallin kunnawa a riƙe na daƙiƙa 15 ko 20, ko a tsokani ɗan ramin sake-tashi da tsinke in tana da shi.

Babban abokin gabar na'urar a ƙasarmu shi ne rana. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a bayan gilashin motar da aka kulle a harabar sakatariya tun safe har azahar. Batirin da ke ciki na bolt 3.7 ne, in ya cika yakan kai 4.2, zafi kuma yana cinye ƙarfinsa, har ya kumbura ya ɗaga fuskar na'urar. Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a matsa shi, ba a kuma ci gaba da yi masa caji, domin yana iya kamawa da wuta. Sauya shi ake yi da mai irin ƙarfinsa. A nan muna roƙon masu gyara, in sun ga wayoyi uku a jikin batir, kada su haɗa biyu su watsar da ta ukun. A yawancinsu ita ce ke auna zafi, wasu na'urorin ma ba su karɓar caji in babu ita. Rigakafin duk wannan bai wuce cire na'urar daga gilashi in an faka mota ba, wanda kuma yake rage wa ɓarawo kwaɗayi. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata rabon: takan shige ƙarƙashin bakin fuskar tsofaffin na'urori, sai mutum ya taɓa nan ta amsa can. A zura 'yar takarda mai kauri a share gefen, sa'an nan a sake daidaita taɓawar.

Wata cuta kuma ta kwanan wata ce. Tsarin yana ƙirga makonni har 1,024, watau kusan shekara 20, sa'an nan ya koma sifili. Haka ta faru a Agustan 1999, ta sake faruwa ranar 6 ga Afrilu, 2019, wasu tsofaffin na'urori kuwa tun daga ranar suke nuna kwanan wata na bogi. Gyaransa sabunta manhaja ne ta kwamfuta, in kamfanin bai yaye wannan samfurin ba.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi damunmu, wanda ƙarfen dalma ba ya warkarwa, watau taswira. Sau da yawa na'ura takan kama taurari sarai, amma sai a ga kibiya tana yawo a farin fili, babu titi babu gari. Kafin a zarge ta, a buɗe shafin da ke nuna lambobin wuri. In mutum yana Dutsin-Ma ko Kurfi, zai ga digiri 12 da ɗoriya a arewa, da kimanin digiri 7 da rabi a gabas. In haka ta nuna, to lafiyarta lau, taswirar Jamus ko ta Amurka ce kawai a cikinta, ba ta taɓa jin labarin Nijeriya ba. Akwai taswirar kyauta ta OpenStreetMap, wadda aka faro a Ingila a 2004, 'yan sa-kai ke zana ta, ana kuma samun ta a sigar da Garmin ke karantawa. Akan zuba ta a katin memori, wanda bai wuce giga 32 ba in na'urar tsohuwa ce. Amma kafin a taɓa kome a kwafe duk abin da ke cikin na'urar a adana.

Samun taswira kuma bai kawo ƙarshen magana ba. Sunayen garuruwanmu kansu tarko ne. Wanda ya rubuta haruffan farko na Dutsin-Ma zai iya cin karo da Dutsi ta wajen Daura, ko Dutse ta Jihar Jigawa. Kankiya da Ƙanƙara a rubutun Turawa kusan tagwaye ne, ga shi kuwa kowacce da hanyarta daga nan. Sabon Gari da Tudun Wada kam ba su ƙirguwa. Saboda haka a duba dukan layin tafiyar a taswira kafin a tayar da mota.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne saitin zaɓen hanya. Na'urar tana iya zaɓen hanya mafi sauri ko mafi gajarta, tana kuma da wurin da ake hana ta bin hanyar da ba kwalta. A Turai bambancin 'yan mintoci ne. A nan kuwa, inda yamma da mu ta wajen Safana da Batsari ake dosar dajin Rugu, hanya mafi gajarta tana iya zama burtalin da mutanen wurin da kansu suka ƙaurace masa. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma kimanin kilomita 60 ne ta kan titin da ya ratsa Kurfi, kuma duk na'urar da ta ce wa baƙo ya sauka daga kwalta domin ya rage kilomita biyar, to a gyara saitinta nan take. Ba ta san kwalbatin da ruwan Agusta ya cinye ba, ba ta kuma san hanyar da ba a bi bayan la'asar ba. Wannan ilmi yana tasha, wurin direbobi da 'yan kamasho, shi ya sa Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. Muna jaddada wannan musamman ga sababbin ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa ƙauyukan da ba su sani ba.

To, wa zai gyara taswirar? Kamfanonin Turai ba za su zo su auna hanyar madatsar ruwa ta Zobe dominmu ba. Amma an taɓa yin irin wannan aiki a Arewa. Tun daga wajen 2012 masu yaƙi da cutar shan inna suka koma ga hotunan tauraron ɗan Adam da na'urorin GPS, suka gano ƙauyuka da rugage waɗanda taswirorin hannu suka tsallake, wannan kuwa yana cikin abin da ya taimaka har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a Agustan 2020. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita suna tara ɗalibai daga kusan kowace gunduma ta wannan yanki. Yawancin na'urorin nan suna adana sawun tafiyar da aka yi da su, kowa kuma yana da ikon buɗe rajista a OpenStreetMap ya ɗora wannan sawu, ya rubuta sunan ƙauyensu daidai, ya nuna ina kwalta ta ƙare, ina asibiti, ina gada.

Sai dai a yi shi da hankali. A halin da ake ciki, baƙon da aka gani yana zagaya ƙauye da na'ura a hannu yana iya jawo wa kansa zargin leƙen asiri. Kowa ya tsaya ga yankin da aka san shi, ya fara sanar da mai unguwa ko dagaci, ya taƙaita ga hanyoyi da wuraren jama'a, kada ya sa gidan kowa.

Roƙonmu ga ƙungiyar ɗalibai kaɗan ne: tebur ɗaya a fili, ba ƙarƙashin kwano ba, da mita ɗaya, da caja mai kyau, da kwamfutar da za a ajiye taswirar Nijeriya a ciki, domin duk mai irin wannan na'ura ya kawo a gwada masa kafin a kai ga sukudireba.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin tambayoyi.