Koyon Turanci Daga Halin Dabbobi

Yau mun zo muku da sabon darasi. Kun riga kun iya karatun Hausa da boko. To, da haruffan nan ne ake rubuta Turanci, sai dai faɗarsu takan bambanta. Za mu fara da dabbobi, don kowa ya san halinsu. In mutum ya ɗaura sabuwar kalma a jikin abin da ya sani, ba ta kwance masa.

Ga giwa. Sunanta elephant, ana faɗi "elifant". Ku lura, p da h in sun haɗu sai su ba da f. Giwa takan zuƙi ruwa da hancinta, ta zuba a baki. Ruwa shi ne water, "wota". Sha kuwa drink. Akwai giwaye a dajin Yankari cikin Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa masu kallo a 1962. Da rani sukan zo shan ruwa a Kogin Gaji.

Ga dorina, watau hippo. Tana wuni cikin ruwa, sai dare ya yi ta fito kiwo. Dare shi ne night, ana faɗi "nait", ba a furta g da h. Ci shi ne eat, "it" da jan baki. Ciyawa kuwa grass.

Yanzu ku kasa kunne sosai, don abin da ke tafe zancen rai ne. Maciji shi ne snake, "sinek". Kare kuwa dog. Mu mukan ce maciji ya sari mutum, kare ya cije shi. Bature kalma ɗaya gare shi, bite, ana faɗi "bait". Harafin e na ƙarshe ba a furta shi.

Da yawa cikinmu sukan je Legas ko Kumasi fatauci. Can ba kowane likita ke jin Hausa ba. In ka iya cewa snake bite ko dog bite, nan da nan ya san allurar da zai nema. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara wajen maganin saran kububuwa. In cizon kare ne, a wanke da sabulu da ruwa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti ran nan, don gudun ciwon haukan kare.

Saura kalma biyu da za ku gani a allo. Danger, "denja", ma'anarta haɗari. Beware, "biweya", watau yi hattara. In kun ga Beware of dog a ƙofar gida, ku tsaya waje ku yi sallama.

Kalmomi 12 ke nan. Kowa ya rubuta su a littafinsa, ya koya wa iyalinsa biyu kowace rana. Ran Alhamis za mu tambaye ku. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu sa'a.