Ɗan Daba Ya Ajiye Wuƙa, Sai Me?

A 2023 kwamishinan 'yan sandan Kano na lokacin, Muhammad Usaini Gumel, ya karɓi tuban 'yan daba, har aka horar da 50 daga cikinsu suka zama 'yan sandan sa-kai. Gari ya ɗauki surutu, wasu na cewa an ba kura ajiyar nama.

Ni damuwata tana wani wajen. Yaron da ya miƙa wuƙa da safe, ina zai kwana? Unguwarsu dai zai koma, ga mai sayar da ƙwaya a lungu, ga ɗan siyasa yana jiran kakar zaɓe. Idan kafinta ya ƙi karɓarsa almajirin sana'a, mai unguwa ya kau da kai, tsofaffin abokansa kam ba su rufe masa ƙofa ba.