Yarjejeniyar Nukiliyar Iran: Yadda Rigimar Jam'iyyu Biyu a Amurka Ta Yaga Takardar Ƙasashe Bakwai

Ga rubutaccen shirin wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015 za mu yi. Na san da zarar an ambaci Iran kowa yake kama ɓangare tun kafin a rufe baki. Don Allah a ɗan ajiye wannan na minti goma. Tambayarmu ɗaya ce: me ya sa yarjejeniyar da aka kwashe kusan shekara biyu ana tattaunawa a kanta, Amurka ta fice daga cikinta kafin ta cika shekara uku?

Mu fara da abin da ake faɗa a kansa. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a ƙasa, irin na Arlit a Nijar, ɓangarensa mai ba da makamashi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an tace shi. Tashar lantarki kashi 3 zuwa 5 ya ishe ta, bam kuwa yana son kusan kashi 90. Kuma na'urorin da ke tace na lantarki su ne dai ke tace na bam. Tushen zargin kenan.

A ranar 14 ga Yulin 2015, a birnin Vienna, Iran ta cimma matsaya da Amurka, Ingila, Faransa, Jamus, Rasha da Sin, tare da Tarayyar Turai. Ta yarda ba za ta wuce kashi 3.67 ba, ba za ta tara fiye da kilo 300 ba har shekara 15, kuma za ta rage na'urorin tacewa daga kusan 19,000 zuwa kimanin 6,000. Za ta daina tacewa a Fordo, tashar da ke ƙarƙashin dutse, ta kuma buɗe ƙofa ga masu sa ido na hukumar IAEA. A madadin haka a janye mata takunkumin da ya shafi nukiliya. Lissafin gwamnatin Obama shi ne, lokacin da Iran ke buƙata ta tara abin haɗa bam ɗaya ya tashi daga wata biyu ko uku zuwa shekara guda.

To ina matsalar? Matsalar tana Washington.

A dokar Amurka, cikakkiyar yarjejeniya da wata ƙasa tana buƙatar kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa, wato sanatoci 67 cikin 100. Obama ya san ba shi da su, sai ya ƙulla ta da ikonsa na shugaban ƙasa. Tun kafin a sa hannu, a watan Maris na 2015, Netanyahu ya zo ya soki shirin a gaban majalisa bisa gayyatar kakakin Majalisar Wakilai John Boehner, wanda ya gayyace shi ba tare da ya shawarci Fadar White House ba. Bayan 'yan kwanaki, sanatocin Rifablikan 47, Tom Cotton na kan gaba, suka rubuta wa shugabannin Iran buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa shugaba mai zuwa zai iya soke duk abin da Obama ya sa wa hannu. Da aka zo ƙuri'a a watan Satumba, sanatoci 42 ne kawai suka tsaya wa yarjejeniyar, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya a ciki, kuma 'yan Dimokurat huɗu, har da Chuck Schumer, sun juya mata baya. Kun ga tun ranar suna jaririn nan yake da ciwo.

Amma fa mu yi adalci, 'yan Rifablikan suna da hujja. Suka ce manyan sharuɗɗan suna da wa'adi, bayan shekara 10 zuwa 15 Iran za ta samu sarari. Suka ce ba a taɓa batun makamai masu linzami ba, ba a kuma taɓa tallafin da Iran ke bai wa Hizbullah da 'yan Houthi ba, sannan kuɗin da za a sakar mata can zai tafi. 'Yan Dimokurat suka ce ai ba a zauna don a gyara duk halin Iran ba, an zauna ne don a toshe hanyar bam, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ranar 8 ga Mayun 2018 Trump ya fice, alhali IAEA ta sha tabbatar da cewa Iran na cika alkawari. Aka dawo da takunkumi, aka ƙara wasu, da sunan matsin lamba mafi tsanani. Kamfanin Total ya tattara ya bar aikin iskar gas na Iran, cinikin jiragen Boeing ya rushe. Man da Iran ke fitarwa ya faɗo daga kusan ganga miliyan biyu da rabi a rana zuwa ƙasa da rabin miliyan, darajar kuɗinta ta zube. A takarda, magani da abinci ba sa cikin takunkumi, amma bankuna suna tsoron taɓa duk wani ciniki da Iran, har ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2019 kan yadda masu ciwon daji da sauran marasa lafiya ke rasa magani. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga abin da ya faru a 2023 da ECOWAS ta rufe iyakar Nijar aka yanke wuta: ɗan kasuwar Maraɗi da na Jibiya ne suka fara ji a jikinsu, ba masu mulki ba.

To, matsin ya haifar da yarjejeniya mafi kyau kamar yadda aka yi alkawari? Daga Yulin 2019 Iran ta fara ƙetare sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. A Afrilun 2021 ta kai kashi 60, matakin da ba a buƙatarsa don lantarki, kuma wannan laifinta ne, ba za a ɗora wa kowa ba. A cikin gida, Rouhani da ministansa Zarif da suka sa wuyansu a kan yarda da Amurka suka sha kunya, masu tsattsauran ra'ayi suka ce ai mun faɗa muku, Raisi ya hau mulki a 2021. Biden ya gwada farfaɗo da yarjejeniyar, Iran ta nemi tabbacin cewa shugaba na gaba ba zai sake ficewa ba, shi kuwa ba shi da ikon ba da wannan tabbaci. Zuwa Mayun 2025 IAEA ta ce Iran ta tara sama da kilo 400 na kashi 60. A watan Yuni Isra'ila ta kai hari, Amurka ta biyo baya ta jefa bama-bamai a Fordo, Natanz da Isfahan. A Satumba takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo.

Abin da nake so mu riƙe shi ne: manufar ƙasashen waje da jam'iyya ɗaya ta gina ita kaɗai, zaɓe ɗaya ke rushe ta. Obama ya bi gajeriyar hanya don ya kauce wa majalisa, 'yan adawa kuma suka mai da soke aikinsa taken kamfe. Sauran duniya tana kallo. Gaddafi ya miƙa shirinsa a 2003, aka kashe shi a 2011. Koriya ta Arewa ta gwada bam a 2006, har yau gwamnatinta na nan. Duk shugaban da ya jera waɗannan da labarin Iran, wane darasi kuke ganin zai ɗauka? Wannan shi ne haɗarin, kuma ya shafi kowa.

Ku gaya mana ra'ayinku a ƙasa, amma a zo da hujja, a bar zagi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.