Hannun Yaro Kafin Ya Kama Alƙalami

Jawabin da Malamin Ilmin Manya ya yi wa 'yan ajin Yaƙi da Jahilci, maza da mata, a Rurum Tsohon Gari, ƙasar Rano



Yau ba karatu za mu yi ba, ba kuwa lissafi ba. Magana na zo da ita a kan 'ya'yanmu ƙanana, watau 'yan yaye, masu shekara 2 zuwa 4, da wani ɗan wasa wanda zai shirya hannunsu domin rubutu. Wasan kuwa shi ne zura abu mai huji a zare. Ba ya cin kuɗi, kayansa duk suna cikin gidajenku.

Tun farkon shekarun 1950 aka soma Yaƙi da Jahilci a Arewa. A shekarar 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano. Duk malamin da ya riƙe aji tun daga wancan zamani har yau zai gaya muku abu ɗaya: sau da yawa hannu ya fi kai ba baligi wahala. Ku ma shaida ne. Mutum ya gane baƙi sarai, ya faɗe shi daidai, amma in an miƙa masa fensir sai ya damƙe shi kamar ƙotar fartanya. Kafin ya cika layi biyu yatsu sun gaji, takarda ta huje. To, in babba mai hankali ya sha wannan wuya, ina ga yaron da aka kai firamare bai taɓa yin wani aiki da kan yatsunsa ba? Sai ka ji ana ce masa daƙiƙi, ana duka, har makaranta ta fita ransa. Alhali kuwa ba kai ya rasa ba, hannunsa ne bai nuna ba.

YADDA HANNU YA KE GIRMA

A hannun mutum, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, akwai ƙashi 27. Takwas daga cikinsu suna wuyan hannu. Sa'ad da aka haifi jariri waɗannan takwas ɗin guringuntsi ne, sannu a hankali su ke zama ƙashi, na ƙarshensu kuwa sai yaro ya kai wajen shekara 10 ko fiye.

Yaro yana fara mallakar kafaɗarsa, sa'an nan gwiwar hannu, sa'an nan wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Shi ya sa jariri kan wawuri abu da dukan tafinsa. In ya kai wata 9 zuwa 12 sai ka ga ya fara tsintar ɗan abu da babban yatsa da manuni. Wajen shekara 2 yana iya zura manyan abubuwa a igiya. Wajen shekara 3 yana iya kwaikwayon da'ira in an zana masa a ƙasa.

Yanzu kowa ya ɗaga hannunsa ya yi kamar zai kama fensir. Yatsu nawa ku ka haɗa? Uku: babba, da manuni, da na tsakiya. To, ku yi kamar za ku zura zare a allura. Kun gani? Su ne dai ukun nan. Har wa yau, mai zura zare yana aiki da hannu biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya tura, ido kuwa yana biye da bakin zaren. Haka mai rubutu ya ke yi, ko a takarda ko a allo: hannu ɗaya ya danne, ɗaya ya ja alƙalami, ido yana bin layi.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Gaskiya ne malamansu sun rubuta ta. Wani Bajamushe, Friedrich Froebel, ya buɗe wa ƙananan yara makarantar wasa a shekarar 1837, inda su ke saƙa da takarda, suna huda kwali suna bin hujin da zare. A shekarar 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a unguwar talakawa a birnin Rum na ƙasar Italiya, tana koya musu sa maɓalli da ɗaurin igiya kafin su kama alƙalami.

Amma mu ma ai gadonmu ne. Cikin Hausa Bakwai, Kano da Rano su a ke kira Sarakunan Baba, saboda rini. Ba a kuwa rini sai an yi saƙa, ba a saƙa sai an yi kaɗi. 'Yar da ta tashi gaban kakarta mai kaɗi tana wasa da mazari da abawa. Ɗan masaƙi yana naɗa zare a kwarkwaro. Ga masu ɗinkin hula, ga masu saƙar faifai da tabarma, ga masu kitso, ga masuntan Tiga masu gyaran koma. A irin waɗannan gidaje yatsun yaro kan yi laushi ba tare da an lura ba.

Yau kaɗi ya ja baya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, rani da damina mutanenmu suna gona. Wannan alheri ne, amma lokacin zama da yaro ya ragu. Waɗansu kuma in yaro ya dame su sai su miƙa masa waya. Shafar gilashi da yatsa ɗaya ba ya ƙarfafa hannu. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini.

KAYAN WASAN

Ga abubuwan da za ku nema:

Totuwar masara. A yanka ta gunduwa-gunduwa, tsawon yatsa, a huda tsakiyarta da ƙusa. Tana da laushi, ba ta da wuyar hudawa.

Sakaina. A fasa ta kamar faɗin tafin yaro, a goge bakinta a dutse har kaifin ya mutu, a huda da ƙusa mai zafi.

Tsohon tiyon ban-ruwa. A wanke shi da sabulu, a yayyanka shi zobe-zobe masu faɗi.

Kwali. A yanka shi, a yi masa huji a jere a gefe.

Kwarkwaron zaren tela wanda zarensa ya ƙare, da manyan murafen jarka.

Wajen zare kuwa, a nemi igiyar rama, ko abawa mai kauri, ko tsohuwar igiyar takalmi, ko kaba. In bakin igiya yana tarwatsewa, a tsoma shi cikin ƙaro ko kakin zuma, a bar shi ya bushe, sai ya yi tsaye kamar tsinke. A ɗaure gunduwa ɗaya a ƙarshen igiyar don kada abin da yaro ya zura ya zube ta baya. In aikinsa yana zubewa zai yi fushi ya bari.

In kuna son launi, ku jiƙa totuwa cikin ruwan zoɓo ta yi ja, waɗansu cikin ruwan kurkum su yi rawaya, sa'an nan ku shanya. Abinci ne, ko ya kai baki ba kome. Ban da fenti.

YADDA A KE YI

Ba a fara wa yaro da mai wuya. Hawa huɗu ne.

Na fari, ga ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa 2. A kafa ɗan kara mai dakusasshen kai cikin curin laka, a ba shi zobban tiyo yana zurawa daga sama. Karan ba ya motsi, don haka ya fi sauƙi.

Na biyu, ga ɗan shekara 2. A ba shi kaba, ko igiyar da aka ƙarfafa bakinta, da totuwa mai babban huji. Uwa ta zauna kusa da shi, ta zura ɗaya a hankali yana kallo, sa'an nan ta miƙa masa. Kada ta kama hannunsa ta yi masa. In ya zura uku ya gaji, ya isa.

Na uku, ga ɗan shekara 3. A ba shi igiya mai laushi da huji ƙarami. A nan a ke shigo da ƙirga da launi. Uwa ta ce, "Ba ni ja. Yanzu sa fari. Nawa ke nan?" Ja, fari, ja, fari. Yaron da ya gane cewa wannan yana bin wancan a jere, ya kama hanyar gane cewa b da a su ne ba, a da b kuwa wani abu ne dabam.

Na huɗu, ga ɗan shekara 4. A ba shi kwali mai huji a jere, ya shiga ta sama ya fito ta ƙasa, kamar mai ɗinki. Daga nan sai sa maɓallin rigarsa da zura mazagin wandonsa da kansa.

Minti 10 a yini ya wadatar. Da yayyafi kogi kan cika. Uwa tana iya yi tana tsince shinkafa, kaka tana iya yi a inuwa, uba ma yana iya yi a zaure in ya dawo daga gona. Iyayena maza, kada ku ce aikin mata ne. Kuma wasan na 'ya mace ne da ɗa namiji duka, gama dukansu alƙalami za su kama.

Ku riƙa magana da yaro kuna yi: ciki, waje, sama, ƙasa, babba, ƙarami. In ya gama ku yaba masa. In ya kasa, ba zagi, ba duka, gobe ma rana ce. In kuwa kun ga ya fi sakewa da hagu, ku ƙyale shi. Wajen mutum ɗaya cikin 10 bahago ne, haka Allah ya yi shi. Koya masa cin abinci da gaisuwa da dama abu ne dabam, ana yi da lallashi.

HATTARA

Wannan ita ce maganar da na fi so ku riƙe, gama rai ke ciki. Ƙaramin yaro kome ya samu baki ya ke kai shi, maƙogwaronsa kuwa ƙanƙane ne.

1. Kada a ba wanda bai kai shekara 3 ba abin da zai shige bakinsa gaba ɗaya. Ban da tsakiya, da duwatsun jigida, da 'ya'yan carbi, da maɓalli, da gyaɗa, da wake. A Amurka doka ta hana a sayar wa yaran nan abin wasan da zai shige cikin wani bututun gwaji mai faɗin wajen santimita 3. Ku naku ma'aunin ga shi: ku haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Duk abin da ya wuce ta ciki, ya yi ƙanƙanta.

2. Igiya kada ta fi taƙi ɗaya ga ɗan ƙarami. Kada a ɗaure ta a rataya masa a wuya, kada ya kwana da ita.

3. Ban da idon zakara, ko da ya ke yana da kyaun gani. Ƙwaya ɗaya in an huda ta ko an tauna tana iya kisa. Haka 'ya'yan zurma da na bi-ni-da-zugu, duk dafi ne.

4. Ban da murfin kwalbar maganin feshi, da tiyon da aka yi feshi da shi, ko an wanke. Ban da ƙaramin batir mai kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

5. Ban da allura da basilla. Huda aikin babba ne.

6. Kada a bar yaro shi kaɗai da kayan, kada kuma a bar wa yayarsa 'yar shekara 5 tsaronsa. In an gama a tattara a ƙwarya, a ɗora a sama, saboda ƙanensa mai rarrafe.

In tsautsayi ya sa abu ya shaƙe yaro, muddin yana tari a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari, ya kasa kuka, a kifa shi a cinya, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5, ana dubawa. Kada a cusa yatsa ana lalube, sai a ƙara tura abin ciki. A nemi mai babur nan da nan. In abu ya shige hanci ko kunne, kada a sa tsinke, a kai shi asibiti, ko na nan kusa ko Babban Asibitin Rano.

Wasan nan yana da wani amfani kuma. Uwar da ke zama da ɗanta ita ke fara ganin abin da ba daidai ba. In yaro ya wuce shekara ɗaya bai fara tsintar abu da yatsu biyu ba, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule, ba ya aiki da shi, ko kuwa yana kai abu dab da idonsa kafin ya gani, a nuna wa ma'aikacin lafiya da wuri. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Jama'a, ban ce zura totuwa kaɗai zai mai da yaro malami ba. Yana bukatar abinci mai gina jiki, da rigakafi, da makarantar allo da ta boko a kan lokaci. Amma ku da ku ka zo aji da furfura, kun san abin da ku ka rasa, ba ku so 'ya'yanku su rasa shi. Ga aikin gida na ba ku: kowa ya shirya igiya ɗaya da totuwa 10, ya gwada da ɗansa ko jikansa kwana 7. Ran da za mu sake haɗuwa kowa ya zo da tasa, ya rubuta mini a takarda da hannunsa guda nawa yaron ya zura ran fari, nawa kuma ran bakwai. Ta haka shi ya yi nasa aikin, kai ma ka yi naka.

Allah ya raya mana su, ya ba su ilmi mai amfani, amin. Wassalam.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne yatsu uku a ke kama alƙalami da su?
2. Faɗi abu huɗu na gida da za a iya zurawa a igiya.
3. Don me ba a ba ɗan shekara 2 tsakiya ko gyaɗa?
4. Me za ka yi in abu ya shige hancin yaro?
5. Rubuta sunan ɗanka ko jikanka, da shekarunsa.