Mu Je da Ido Kafin Mu Je da Kaya



Asabar ɗin da ta wuce na leƙa kasuwar nan da ke ci a bakin titi idan Sallah ta matso. Asabar da Lahadi kaɗai take ci, da an yi Sallah kuma shi ke nan, sai baɗi. Masu sana'ar hannu ne suka cika ta: ga alkaki da dubulan da nakiya, ga dambun nama, ga turaren wuta da humra, ga huluna.

Na san wasunmu na shirin cin bashin asusu su kai kaya can. To, bari ku ji abin da na gani.

Wata baiwar Allah ta zo da kunun aya cike da kula. Kafin la'asar ƙanƙara ta narke, kunu ya fara tsami, dole ta karya farashi. Maƙwabciyarta mai ƙuli-ƙuli da yaji kuwa, abin da ya rage ta ɗaure abinta, ta ce sai gobe. Kun ga kenan, kafin ki zaɓi kaya, tambayi kanki: in bai ƙare ba, zai kwana?

Sai lissafi. A ce kuɗin tebur naira 5,000, kuɗin mota zuwa da dawowa 3,000. Ya zama 8,000. In ribarki a kowace roba naira 200 ce, sai kin sayar da roba 40 kafin sisi ya zama naki.

Shawarata, wannan Asabar mu tura mata uku, ba kaya, sai littafi da biro. Su tambayo nawa ne tebur, wa ake biya, kuma ana ba da rasit? Su lura ƙarfe nawa jama'a ke cika, wane kaya ke ƙarewa da wuri, da kuɗi hannu ake saye ko da tiransfa. In mun gamsu, mata biyu su haɗa tebur ɗaya su raba kuɗin. Kowa ta liƙa lambar wayarta a jikin robarta, don kasuwa za ta watse, amma wanda ya ji daɗin kayanki zai neme ki.

Kuɗin asusu gumin dukkanmu ne, ranar biya kuma ba ta san kasuwa ta ƙi ba. To, su wa za su je mana? A ɗaga hannu mu gani.