MURAR DA KE DAWOWA KOWACE SHEKARA: JAWABIN MALAMIN LAKWAL A TARON ƘUNGIYA

Ni malamin lakwal ne, aikina alli da allo. An ce in yi magana bisa wata larura da ta dami mutane da yawa cikinmu, har da ni kaina, domin shekara huɗu ke nan ina fama da ita.

Kun san mutumen da ya girma lafiya lau, ya yi noma, ya yi sussuka, bai taɓa kuka da hanci ba. Sai ya kai shekara talatin ko arba'in, ran nan gero ya fid da kai, shi kuma ya kama atishawa, goma a jere. Hanci na zuba kamar ruwa, ido ya yi ja, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Baɗi war haka abin ya komo. Wasu su ce mura ce, wasu su ce sanyi ya kama shi, wasu ma su ce hannu anka sa mishi. Sunan abin nan a bakin likitoci alerji, dangin borin jini ne. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya raɗa sunan a 1906.

Ga yadda take. Allah ya sa ma jikinmu masu gadi, aikinsu korar ƙwayoyin cuta. To, wani lokaci masu gadin nan sukan ɗauki baƙon da ba ya da laifi a matsayin ɓarawo. Bununin gero, ko furen ciyawa, ko ƙurar rumbu su shiga hanci, sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ke kawo kumburi, da ƙaiƙayi, da yoyon hanci. Tun 1873 wani likitan Ingila, Charles Blackley, ya gwada furen ciyawa bisa jikinshi, ya nuna shi ne tushen wanga ciwo. Jiki kuma yakan daɗe yana haɗuwa da abu kamin ya fara ƙin shi, shi ya sa larurar ke iya fitowa ga babba. Akwai gado ciki, akwai kuma sauyin wuri da na sana'a, kamar wanda ya baro ƙauye ya zauna birni, ko ya koma aikin lambu.

A ƙasarmu lokutanta ukku ne. Na farko, ƙarshen damina, Agusta zuwa Satumba, sa'ad da gero da dawa da ciyawa ke fure. Na biyu kaka, lokacin ɗaurin damma, da sussuka, da shiƙa. Iyayenmu mata su sunka fi kowa shan ƙaiƙayi. Na ukku lokacin ɗari, Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iska ke ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta rufe mu da hazo. Ƙurar nan ko ga mai lafiya tana fusata hanci, balle wanda hancinshi ya riga ya kumbura. Ƴan'uwa masu aiki a fadamar Jiratawa da bakin Gulbi, inda ake noman rani, su shukarsu ba ta yankewa, don haka nasu lokacin na iya zarce namu.

Yaya za mu rarrabe ta da mura? Mura takan zo da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, ta wuce cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma ana ɗaukar ta daga wani. Alerji ba ta kawo zazzaɓi, ba a ɗaukar ta, majinarta fara ce kamar ruwa, ido na ƙaiƙayi, kuma tana nan muddin abin da ya tada ta yana nan. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku yi abin da nike sa ɗalibaina: ku samu ɗan littafi ku rubuta ranar da ta fara, da inda kuke, da aikin da kuke yi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗanshi ɗan lakwal. Shekara biyu ta isa mutum ya san watanshi. Ni da na rubuta nawa, na ga Satumba ce, sai kuma farkon ɗari in ƙurar alli ta haɗu da hazo. Yanzu da jiƙaƙƙen tsumma nike share allo.

Wanda ya san watanshi sai ya yi shiri. Ranar shiƙa a tsaya ta inda iska ke fitowa, a rufe hanci da rawani, ko mayafi, ko takunkumin da munka saba da shi tun korona ta 2020. In an dawo daga gona a wanke fuska, a sauya riga kamin a kwanta. A yayyafa ruwa kamin shara. A rage hayaƙin kara, da turaren wuta, da na maganin sauro cikin ɗakin kwana; gidan sauro ya fi. Ana kuma wanke hanci da ruwan gishiri: lita guda ta ruwan da anka tafasa ya huce, da gishiri gram 9. Irinshi ake saidawa a farmasi, amma na gida ma yana aiki in an yi tsabta.

Sai maganar magani, nan ne nike roƙon ku saurara da kyau. Magungunan da ke tare histamin sun samo asali daga aikin Daniel Bovet a cibiyar Pasteur ta birnin Pari a 1937. Na da, irin klorfeniramin, suna sa barci ƙwarai. Ɗan kabu-kabu ko direban da ya sha shi ya hau godaben Maradi zuwa Tibiri, ya sa ranshi da na fasinja cikin haɗari. Na baya-bayan nan, irin setirizin da loratadin, barcinsu kaɗan ne. Amoksisilin da ƴan'uwanshi ba su yi ma alerji komi, asarar kuɗi ce kawai. Mafi muni su ne ƙwayoyin da masu talla ke ɗorawa bisa tire, irin deksametazon. Suna kwantar da hanci nan take, amma wanda ya daɗe yana shan su zai ga fuska ta kumbura, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga ƙashi ya yi rauni. Ku tafi likita da ɗan littafinku, malamin asibiti ya zaɓa muku. Mai ciki da mai shayarwa kada su sha komi sai sun tambaya.

Akwai alamu ukku da ba a jira da su. In ƙirji na shaƙewa, numfashi na fito, musamman da dare, wannan fuka ce, wadda ake ce ma asma, kuma sau da yawa tare suke tafiya da alerji. In tari ya wuce sati biyu, a je a auna majina saboda tarin fuka. In ga zazzaɓi mai zafi, ga ciwon kai, wuya ya sandare, a lokacin hazo ko bazara, sai a yi zaton sanƙarau, a ɗauki mutum zuwa asibiti ko da tsakar dare ne.

Daga ƙarshe ina da roƙo biyu ga ƙungiya. Kamin kaka mai zuwa, a fid da ɗan kuɗi daga asusu a ɗinka takunkumin yadi domin matan da ke sussuka. Sannan a gayyato malamin asibitinmu taro na gaba, ya amsa tambayoyin da sunka fi ƙarfin malamin lakwal.

Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu kaka da alheri.