Kama da Wane Ba Ta Wane: Haruffa da Ma'ana a Kalmomin Ingilishi

Ɗalibin da ya tashi a Sakkwato yakan zo wa Ingilishi da wata ɗabi'a wadda ya gada daga zauren malamai, ko da shi kansa bai farga ba. A Larabci, baƙaƙe uku ne yawanci suke ɗauke da tushen ma'ana, sauran kalma kuwa gini ne a kansu. Hausa ta ari kalmomi masu yawa irin waɗannan. Hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk tsatsonsu ɗaya, haka nan ilimi da malami da alama. Wannan fanni shi ne sarfu, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum a kansa, mai suna Hisnur Rasin. Hausa kanta tana da irin wannan gini, alal misali karatu da makaranta da makaranci. Saboda haka idan ɗalibi ya ga kalmomin Ingilishi biyu sun yi tarayya a haruffa, nan take sai zuciyarsa ta raya masa cewa sun yi tarayya a ma'ana.

Wannan zato yana da gaskiya a wani ɓangare na harshen. Ingilishi ya kwashi kalmomi masu ɗimbin yawa daga Latin, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A wannan rukuni haruffa sukan riƙe zumunci. Kalmar Latin signum ma'anarta alama ko hatimi, kuma daga gare ta aka sami sign da signal da signature da assign da resign. Harafin g ba a furta shi a sign, amma yana fitowa fili a signature, wato rubutu ya adana dangantakar da baki ya yar. Ma'aikatan ofis za su so jin cewa secretary ɗan'uwan secret ne, domin asalin sakatare shi ne wanda aka ba amanar asiri. Minister kuwa danginsa minus, wato ƙarami, mai yi wa wani hidima. Ko masu riƙe da muƙamin suna tunawa da wannan asali, wannan wata magana ce dabam.

Matsalar tana farawa ne inda kamar ta zo bisa katari. Duk wanda ya dubi pen da pencil zai rantse uwa ɗaya ta haife su: ga haruffa uku iri ɗaya, ga aiki iri ɗaya. Amma pen daga penna ta fito, wato gashin tsuntsu da ake feƙewa a yi rubutu, pencil kuma daga penicillus, wato ɗan ƙaramin wutsiya, sunan da aka ba burushin masu zane. Haka female ba daga male aka gina ta ba. Asalinta femelle ce ta Faransanci, Turawan Ingila ne suka gyara ƙarshenta don ta yi kama da abokiyar zamanta. Island ma tsohuwar kalmar Ingilishi ce wadda ba ta da s, aka cusa mata harafin saboda an zaci 'yar'uwar isle ce, wadda ta fito daga Latin. Ashe ke nan masu harshen su ma kama ta ruɗe su, har kuskurensu ya zama ƙa'ida, musamman da ɗab'i ya fara daskarar da rubutu bayan William Caxton ya kafa injinsa a 1476.

Akwai kuma rukuni na uku, wanda ya fi cin mutuncin akawu, wato kalmomin da tushensu ɗaya ne amma ma'ana ta raba musu hanya. Principal shugaban makaranta ne, principle kuwa aƙida ko ƙa'ida. Stationary abu ne mai tsayuwa wuri ɗaya, stationery kuma kayan rubutu, domin a dā mai sayar da littattafai da yake da rumfa tsayayya, ba mai talla ba, shi ake kira stationer. Personal na mutum ne shi kaɗai, personnel kuwa ma'aikata baki ɗaya, kuma takardar da aka yi wa laƙabi da ɗaya a maimakon ɗaya tana iya faɗawa hannun wanda bai kamata ya karanta ta ba. A nan sanin asali ba ya fid da mutum, sai ya haddace kowace kalma da muhallinta.

Musayar gurbin haruffa ita ma tana da nata ɓarna: form da from, trial da trail, quiet da quite. Mafi ban dariya ita ce marital da martial. Ta farko daga maritus take, wato miji, ita ce ake gani a fom inda ake tambayar ko mutum yana da aure. Ta biyu daga Mars, gunkin yaƙi na Rumawa, ita ce ake gani a sunan kotun soja. Bai kamata Bahaushe ya yi mamakin irin wannan ba, tun da a rubutun boko gari na zama da gari na tuwo haruffansu ɗaya, tsawon wasali ne ya bambanta su, shi kuwa ba a rubuta shi.

Kalmomin da suka fi dacewa a tsaya a kansu a wannan gari na mulki su ne council da counsel. A bakin mai magana ba su da bambanci ko kaɗan, a takarda ma kusan haka. Amma council daga concilium take, wato taron da aka kira, majalisa ke nan, kamar majalisar Sarkin Musulmi ko majalisun ƙananan hukumomi da aka kafa da gyaran 1976. Counsel daga consilium take, wato shawara, kuma ita ce ake kiran lauya da ita a gaban alƙali. Daga ta farko aka sami councillor, wadda Hausa ta mayar kansila, daga ta biyu kuma counsellor, mai ba da shawara, kamar wanda ake ajiyewa a makarantu don jagorantar ɗalibai. Marubutan Ingila sun yi ƙarnuka suna cakuɗa kalmomin biyu kafin a tsayar da kowace a gurbinta, wajen ƙarni na 16. Sakataren ƙaramar hukuma da ya rubuta cewa an miƙa batun fili ga counsel, alhali majalisa yake nufi, ya shaida wa mai karatu cewa magana ta kai hannun lauya, kuma mai filin zai fara shirin zuwa kotu.